Ƙirgen Baba Benson

Shekarar da soja suka koma bariki, masaƙarmu ta Kakuri ita ma ta ce sai ta yi sabon zubi. Aka sallami Baba Benson, tsohon injiniyan sashen rini, aka ba ni aikin kwashe furogiram ɗinsa daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa. Furogiram ɗin ne ke riƙe da makullin murfin tukunyar rini. Sai ya saki, fitila ta yi kore, sannan ma'aikaci ya buɗe. Mai tsayawa gaban murfin nan kullum kuwa Matthew ne, mijin yayata Comfort.

Rubutun Baba, Allah ya sawwaƙe, kamar ɗakin gwauro. Ba bayani ko na layi ɗaya. Ni kuma ga difloma sabuwa fil, kaina na hayaƙi. Na rantse duk wanda ya gaje ni zai karanta aikina kamar jarida.

Can a tsakiya na ci karo da wasu layuka uku. Bayan an rufe tururi, kwamfuta za ta ƙirga daga ɗaya zuwa miliyan huɗu, ta watsar da ƙirgen, sannan ta saki makulli. Na gwada a sabuwar, kafin in ƙifta ido ta gama. Na ce rigimar tsufa ce, na goge. Na san Baba yana zaune a unguwar Trikania. Girman kai ya hana ni zuwa.

Ranar Talata da hantsi fitila ta yi kore, Matthew ya ja murfi. Har ofis na ji ihunsa. Tururin ya ɗaye masa fuska da ƙirji, likita ya ce idanun sai haƙuri.

Kwana uku ina ta bin rubutuna layi-layi, ban ga kuskure ba, tsaf yake. A na huɗu na hau bas. Na tarar da Baba Benson a ƙofar gida yana gyaran rediyo. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Baba, ƙirgen nan na mene ne?"

Ya ajiye rediyon. Sai ya naɗe hannun rigarsa. Daga wuyan hannu har gwiwa fatar ta tattare, fari-fari.

"Daƙiƙa arba'in, 'yata. Haka tururi ke ɗauka kafin ya fice. Tsohuwar kwamfutar slow ce, tafiyar hawainiya take, ƙirgen nan arba'in cif yake cin mata. Da hannun nan na auna."

Raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya. "To me ya hana ka rubutawa?"

"Ban zaci za a kore ni ba. Ke me ya hana ki tambaya? Bas ɗaya ne fa."

Na ji kunya, na tsani kaina, shi ma na tsane shi.

Masaƙa ta rubuta cewa gangancin Matthew ne, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Har yau Comfort na gode mini don abincin da na riƙa kai musu asibiti.

Na mayar da jiran. Yanzu da agogo kwamfutar ke auna shi, daƙiƙa arba'in komai saurinta. A samansa na rubuta bayani layi shida, dalla-dalla, yadda kowa zai iya karantawa. Ban da Matthew.