Gidan Ƙarshe a Layi

Kafinta yana kan rufin shagonsa yana sheƙa wa kwano ruwa, sai matarsa ta ƙwala masa kira daga tsakar gida.

"Baban yara, famfo ya ɗauke!"

Ya juya ya dubi dajin bayan unguwa. Tun hantsi hayaƙi yake tashi, yanzu kam har ƙarar wutar ake ji, kamar ana yaga sabon yadi. Gidansa ne na ƙarshe a layin, shagon kuma maƙil yake da katako da fenti da soson kujeru.

"'Yan kwana-kwana fa?" ya tambaya da ya sauko.

"Wai duk motocinsu sun fita. Mu ɗauki Inna mu bar nan."

Mahaifiyarsa ta daɗe ba ta taka ƙasa ba. A kan me za a ɗauke ta, a kai ta ina? Ya ɗauko ashana ya nufi bayan katanga. Ya sha ganin manoma suna ƙone ciyawar bakin gona don babbar wuta ta zo ta rasa abin ci.

Matar ta biyo shi. "Mutane na gudun wuta, kai kuma kunnawa za ka yi? Ka bari mana!"

Ya ƙyasta ashanar, ya cinna wa ciyawar.

Da farko wutar ta bi inda yake so, tana lasar ciyawa tana nufar daji. Sai iska ta juya. Kafin ya ɗaga jiƙaƙƙen buhun da ke hannunsa, wutar ta bi gindin katanga ta faɗa gidan maƙwabcinsa Direba, ta tarar da tsofaffin tayoyi da jarkokin man da ke jibge a lungu. Direba yana hanya, iyalinsa kuma sun gudu gidan 'yan'uwa tun hantsi. Kafinta ya yi ta bugun wutar yana ihu, har buhun ya kama, tafukan hannunsa suka saɓule. Yana kallo rufin gidan Direba ya rufta.

Da babbar wutar ta iso bayan gidansa, baƙar ƙasa ta tarar, ta kewaye ta wuce. Ko labulensa bai ƙone ba.

Bayan la'asar Direba ya iso. Ya daɗe tsaye a inda ƙofarsa take a da, matarsa na tona toka da sanda tana neman tukwane. Daga nan ya tako wurin Kafinta, wanda ke zaune matarsa tana naɗe masa hannu da tsumma.

"Ɗan'uwa, an gaya mini," in ji Direba. "An ce kowa ya watse, kai kaɗai ka tsaya kana kashe mini. Dubi hannunka! Da me za ka riƙe zarto yanzu? Allah ya saka maka."

Kafinta ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Matarsa ta ja tsumman ta ɗaure tamau, idonta a ƙasa. Ya dubi 'yar autar Direba da ke tsaye da takalmi ƙafa ɗaya.

"A kwashe kayanmu daga babban ɗaki," ya ce wa matarsa. "Su shiga."

Direba ya rungume shi yana kuka yana yi masa addu'a. Kafinta ya ɗaga hannuwansa sama don kada a fama masa ciwon, ya kasa cewa amin.