Zoben da Gumsu Ta Tsinta

Gumsu ta yi wa mijinta Abakar iyaka: ko tsohuwar Fijo ɗin nan ta kai ta garin Uba bikin sunan jikarsu ranar Asabar, ko 'yan gwangwan su zo su kwashe ta. Motar ta girmi 'yarsu Afrah, ta cinye rabin tsakar gida, ga baƙin mai da take ɗigarwa ta ƙafar baya kamar rariya. Shi kuwa Abakar, tun da ciwon baya ya raba shi da tuƙin haya, ba shi da wata hira sai ta motar.

Ya sa sabon sil, robar da ke tare mai a bakin aksul, mai ya ci gaba da zuba har ya jiƙa birki. Ya aika Kamaru aka kawo wani, duk kanwar ja ce. Da abin ya ishe shi, sai ya kira abokinsa Nehemiah, tsohon makaniki daga Kwaja.

"Abakar, laifin sil ba ne," in ji Nehemiah. "Mu buɗe ɗayan ƙafa, wanda yana lafiya. Shi zai gaya mana gaskiya."

Suka kwance ƙafar hagu, suka jera kayan cikinta a kan buhu, suka jera na dama a gefe. Nan take ɓarakar ta fito. A hagu akwai zoben ƙarfe mai kauri tsakanin sil da boris, ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kai, a dama babu.

"Ka gani? A kan zobe nan sil yake zama. In babu shi, ko sil na Faransa ka sa, mai zai fita."

Abakar ya zauna daɓas a ƙasa. Irin wannan zobe, ko an zazzage kasuwar Mubi ba za a samu ba.

Gumsu ta kawo musu shayi, idonta ya faɗa kan buhun. Ai ta san ɗan'uwan wannan zobe! Tun da damina ta tsince shi a shara, ta wanke shi tas. Da shi take buga curin turaren wutar da take sayarwa, kowane curi ya fito daidai da ɗan'uwansa, har matan unguwar Wuro Patuji suna tambayar ta inda ta sayi injin.

Ta koma ɗaki ta zauna da zoben a hannu. Idan ta yi shiru, jibi filinta zai dawo, ta samu wurin shanya, kuma babu mai cewa ta yi ƙarya. Ta leƙa ta taga. Abakar yana shafa ƙofar motar a hankali, ya sunkuyar da kai. Tausayinsa ya kama ta, haushin kanta ma ya kama ta.

Ta fito ta ajiye zoben a kan buhu. "Baban Afrah, ko wannan ne kuke wa zaman makoki?"

Nehemiah ya ɗauka, ya juya shi, ya sansana, ya fashe da dariya har da buga cinya. "Hajiya, tun da na fara aiki ban taɓa ganin sifiyar mota mai ƙamshin amarya ba!"

Abakar ya buɗe baki zai yi faɗa, dariya ta riga shi. Suka goge zoben, suka buga shi ya zauna daram, sil ya hau kansa. Suka zaga unguwa suka dawo, ƙafa a bushe ƙamas.

Ranar Asabar Gumsu ta hakimce a gaba. Suna haye kogi sai ta ji Abakar ya ɗauko wata waƙar Barebari da rabon da ya rera ta tun yana tuƙin haya a hanyar Maiduguri. Muryar ta dushe, baitocin ma ya manta rabi, amma daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa.

"Rage gudu, Baban Afrah," ta ce. "Uba ba guduwa za ta yi ba. Ƙarasa mini waƙar."