Ranar da Sufyan Ya Kai Kawu Fadama

A ƙofar shagon gem na Attahiru, inda samari suke buga wasan talabijin, nake soya awara, a bakin kasuwar Kaoje. Duk abin da ake yi a ciki ina jinsa, wani ma ina hangowa in iska ta ɗaga labule. Ban taɓa shiga ba, ba na kuma sa musu baki. Yayana Sufyan ne yake shiga a madadin gidanmu duka, kuma bai taɓa ba mu kunya da fashi ba.

Gem ɗin da suka fi so na faɗa ne. Sunansa ya fi ƙarfin bakin kowa, sai suka sa masa Haɗin Gambiza, domin an kwaso jarumai daga gem iri-iri an zuba su wuri ɗaya. Akwai soja, akwai mace mai takobi, akwai tsoho mai gemu har cibiya, har da wani mai kan kyanwa. Babu wanda ya san abin da ya haɗa su faɗa. Ina jin su ma ba su sani ba.

A cikinsu akwai wani dodo da ba a zaɓarsa, sai dai a kira shi. Kansa na kada, cikinsa na dorina, hannuwansa huɗu. Ƙasa ce take tsagewa ya fito. Samarin suna ce masa Kawu, wai don sai faɗa ya kusa ƙarewa yake zuwa, in ya zo kuma ba ya tambayar wa ke da gaskiya. Duk wanda ya fi kusa da shi shi ne zai sha mari, ko da kuwa wanda ya kira shi ne. Ya yi ɓarnarsa na ɗan lokaci ya koma rami.

Ba a kiransa haka kawai. Akwai wani ɗan tulu a gefen talabijin da yake cika a hankali, in kana kai duka kana shan duka. Sai tulun ya cika, jininka kuma ya kusa ƙarewa, sannan ka danna wasu maɓallai a jere. A duk Kaoje Sufyan kaɗai ya san jerin, kuma yana rufe hannunsa da hula in zai danna. Yakan zauna ya miƙe ƙafa a yi ta jibgarsa, sai an fara yi masa dariya ya ce, “Ku matsa, Kawu na tahe.” Daga nan sai ihu. Wannan shi ne babban abin da ɗan gidanmu ya iya, kuma mun gode Allah, wasu ko shi ba su samu ba.

Muna da gonar shinkafa guda a fadama, wadda Baba ya bar mana. Ita ce tuwonmu na shekara. A bana shinkafar ta yi kyau, ta nuna, ta sunkuyar da kai. Gulbi kuma ya fara cikowa da wuri. Kullum masu jirgi suna dawowa da labarin inda ruwa ya kai, kowa yana gaggawar yanke tasa kafin ya iso.

Wata safiya Inna ta tare Sufyan yana ɗaure takalmi.

“Sufyanu, gulbi na tahowa.”

“Na gani, Inna.”

“Ina ka gane shi? Cikin talabijin?”

“Inna, ki kwantar da hankalinki. Ni ba a sanina da gaggawa. Sai abu ya matse nike nuna kaina.”

“To ya matse. Jiya ruwa ya ci gonar su Rabi har da bukka.”

“Bai matse ba tukuna,” in ji shi. Ya ɗauki hularsa ta rufin asiri ya fita.

A wajenmu shinkafa ba ta yankuwa da hannun mutum ɗaya. Gayya ake kira. Ka raba goro, ka dafa abinci, mutane su zo da laujensu su yanke maka a yini guda. Sai dai gayya biki ce, wanda ya je na wani shi ake zuwa nasa. Tun daga dashe har cire ciyawa, babu gayyar da Sufyan ya taka. Ranar ta Badamasi, wani ɗan unguwarmu, Sufyan ya ce bayansa ne ya riƙe. Ranar ta Baba Maidawa, wanda gonarsa take jikin tamu, haƙori ne. Ciwon Sufyan ciwo ne mai ladabi, ba ya taɓa bin sa cikin shagon Attahiru.

Da ruwa ya shiga ƙasan gonarmu, Inna ta daina magana. Ta sayo goro da kanta ta ajiye masa a kan takalminsa. Sai ya yarda abu ya matse. Ya zaga gari yana kiran gayya, da la'asar ya dawo ya zauna kusa da kaskona, goron yana nan a aljihunsa kusan yadda ya tafi da shi.

“Raudatu, mutanen garin ga ba su da zumunci.”

Na juya awara.

“Kin san mi Badamasi ya ce min? Wai ciwon bayan da ni yi ranar gayyatai, shi ne ya kama shi yanzu. Wai ashe ana ɗauka.”

Na sake juya awarar da ba ta buƙatar juyi. A raina na ce mutumin da ya san sai tulu ya cika ake kiran Kawu, ga shi yana ta danna maɓalli a kan tulun da ko ɗigo babu. Amma ban faɗa ba. Ni ƙanwa ce.

Ranar kasuwa ce, don haka Zainulabideen yana cikin shago. Wani ƙato ne daga wani ƙauye a tsallaken iyaka, wajen Benin, yana kawo busasshen kifi. Dendi ne harshensa, Hausarsa gajera ce. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofar Attahiru, hannun gem kuma yana ɓacewa a tafinsa kamar an ba shi ƙwai. Duk sati sai ya buga, duk sati sai an cinye shi. Babu abin da yake so a duniya kamar ya ga ya kira Kawu da hannunsa.

Sufyan ya dube shi ta ƙofa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya tashi.

“Zainu, kana son jerin?”

Zainu ya ajiye hannun gem. “Kana wasa.”

“Ba wasa. Ka zo min da 'yan'uwanka ku yanke min shinkafa, in koya maka.”

“Da tuwo?”

“Da tuwo, da fura.”

Suka tafa. Sufyan ya fito yana murmushi, ya ɗauki awara ɗaya bai tambaya ba. “Ki gaya wa Inna ta ɗora babbar tukunya. Na kira Kawu.”

Ranar aikin, Zainu ya iso da sassafe shi da 'yan'uwansa, kowannensu kamar an sassaƙa shi daga giginya. Hanyar ƙafa ta riga ta nutse, sai suka shiga jirgi, Sufyan a gaba yana nuna hanya da yatsa kamar mai gari. Ni da Inna muka tsaya girki. Muka tuƙa tuwon dawa da miyar kuka da kifi, muka dama fura. Inna har waƙa take yi ƙasa-ƙasa, abin da na daɗe ban ji ba.

Da rana ta take na ɗauki kayan abinci zuwa bakin ruwa. Na tarar da Baba Maidawa yana kwance jirginsa. Tsoho ne marar hayaniya, abokin Babanmu. Ya ce zai je ya dubo gonarsa, don gobe ne gayyarsa ta yanka.

“Shigo, ɗiyata. Na ji yayanki ya ɗauko sojan haya.”

“I, Baba.”

“Madalla. Allah shi sa ya gane hanya.”

Fadama ta canza kama. Kunyoyin da suke raba gona da gona duk sun shige ruwa, sai kawunan shinkafa kawai. Amma wanda yake zuwa ya san tasa ko da ido rufe. Tun daga nesa muka hango aiki. Gona guda an yanke ta tas, an ɗaure dami-dami, an jera a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa. Ban taɓa ganin yanka mai tsabta irin wannan ba. Ko zangarniya ɗaya ba su bari ba.

Baba Maidawa ya daina tuƙi. Jirgin ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Gonarsa ce. Tamu tana gefe, tsaye cikin ruwa, ko lauje bai taɓa ta ba.

Sufyan yana kan tudu a zaune a kan dami, wandonsa a bushe. Da ya gan mu ya miƙe ya buɗe hannuwa.

“Baba, ka gani? Waɗanda sunka ƙi zuwa, a gaya musu an gama.”

Baba Maidawa ya fito daga jirgi a hankali. Ya zaga damman, ya ɗaga ɗaya ya jinjina, ya murza zangarniya a tafinsa.

“An gama kam,” in ji shi. “Sufyanu, tun da ubanka ya rasu ba wanda ya yi min alheri irin wanga. Ni da nike cewa ba ka zo min cire haki ba, ashe babban kake tanadi. Allah shi yi maka albarka.”

Murmushin Sufyan ya tsaya a inda yake. Ya dubi gonar da aka yanke, ya dubi ta gefe, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara murfin kwano.

“Tamu ba ita ce mai tsamiya a gabas ba?” in ji Sufyan.

“Tsamiya na gabas da kowa, ɗana. Yaushe rabonka da nan?”

Zainu ya matso yana share gumi da rigarsa. “Wannan ba naka?”

“Ai duk fadama guda ce,” in ji Sufyan.

“Kai ka nuna. Ka ce mai kyau ɗin.”

“To ku taimaka ku shiga waccan. Rana ba ta yi nisa ba.”

Zainu ya dubi rana, ya dubi ruwa, ya dubi kwanonin da na sauke. Ya ce gona ɗaya aka yi magana, gona ɗaya suka yanke. Kuma dole su tsallaka gida kafin ruwa ya rufe mashigi. Suka zauna suka cinye tuwon Inna har da ƙanzo, suka shanye furar. Sannan Zainu ya tsaya a kan Sufyan, inuwarsa ta rufe shi.

“Jeri.”

A nan kan tudu, babu hula babu labule, Sufyan ya zana maɓallai a kan laka da tsinke, ya nuna masa wanda ake fara dannawa da wanda yake biye. 'Yan'uwan Zainu duk suka leƙo suna haddacewa. Suka shiga jirginsu suka tafi. Kawu ya yi abin da ya saba, ya koma raminsa.

Muka rage mu uku da shinkafarmu a cikin ruwa. Na tuna waƙar da Inna take yi da safe, na shiga tattara kwanonin.

Baba Maidawa ya ciro goro ya ɓare, ya daɗe yana tauna.

“Na riga na kira mutane gobe,” in ji shi. “An yi daka, an sayi nama. Ba ni mayar da su gida don ba ni da abin yanka. Za mu shiga taku. Ba don kai ba, don uwarka da wanda ya bar gonar.” Ya nuna Sufyan da ɓarin goron. “Amma kai za ka riƙe gaba. Kuma ni zan nuna maka gonar da hannuna.”

Kafin wayewar gari ruwa ya ƙaru. Ƙasan gonar, wajen da shinkafar ta fi cika, ya tafi gaba ɗaya. Mutanen gayya suka shiga abin da ya rage, ruwa har ƙirji, suna yanka suna lodawa a jirage. Badamasi ya zo, bayansa ya warke cikin ikon Allah. Duk wanda Sufyan ya matsa kusa da shi sai ya ce, “A'a, malam, wagga ƙafata ce, shinkafa na can.” Sufyan ya yi yanka har la'asar, matsattsaku suka yi biki a ƙafafunsa.

An tsirar da fiye da rabi. Inna ta dubi damman da aka sauke a tsakar gida ta ce za su kai mu wani wuri, daga nan sai mu saba da dawa. Ba ta yi wa Sufyan faɗa ba. Ta dafa ruwan zafi ta gasa masa hannun da lauje ya farfasa, ta naɗe da tsumma. Ina ganin da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ranar kasuwa ta zagayo. Shagon Attahiru ya cika, kuma yanzu kowa ya san jerin, don 'yan'uwan Zainu ba su da rowa. Ƙasa sai tsagewa take a talabijin. Zainu ya kira Kawunsa na farko, ya manta bai ja baya ba, dodon ya fara da shi. Bai damu ba, dariya yake har benci yana rawa.

Sufyan yana tsaye a bakin ƙofa da hannuwa a naɗe, ba ya iya riƙe komai. Yana yi wa Attahiru bayani.

“Kai ba ka gane ba. Da na yanke tamu kai tsaye, wa zai san darajata? Amma dubi yadda ni juya abin. Gayya guda ni kira, gona biyu anka yanke.”

“Ɗaya da rabi,” in ji Attahiru.

“Lissafi ne dai.”

Na kwashe awarar ƙarshe na rufe kasko. Na matsa kusa da shi, na yi magana a hankali don kada a ji. Amma shagon ya yi shiru daidai lokacin.

“Yaya, Inna ta ce in ka gama bayani, yau Badamasi ke bugun shinkafa. Ta ce in raka ka, kada ka je ka buge ta wani.”

Attahiru ya juya baya yana gyara wayar da ba ta lalace ba. Na ɗora kaskona a ka na yi gaba, ina jin takun Sufyan a bayana.