Sunan Sumie da Jan Fenti

Kuramochi yana tafiya da baya kamar yadda ya saba, 'yar tutarsa a sama, baƙi goma sha biyu na biye da shi. Shekara goma sha tara ke nan yana zagayawa da mutane maƙabartar birnin duk Asabar, kuma mutum ne da in ya fara zuba sai dai ka nemi wurin zama. Ya riga ya gaya musu cewa filin nan a da gandun wani basarake ne. Ya nuna musu kabarin likitan da ya yaƙi kwalara har ta tafi da shi, da na janar ɗin da aka binne kusa da dokinsa, da na 'yar wasan da har gobe masoya ke jefa katin sunansu a akwatin dutsen da ke gabanta.

Wata baƙuwa ce ta yi tambaya a kan sabon sashen da ke gindin bishiyar sakura. Kuramochi ya taɓe baki. Ya ce nan ake zuba tokar gawarwakin da aka ƙone na waɗanda ba su da dangin da za su kula da kabari, suna kawai ake rubutawa a allon dutse. Sunaye masu jan fenti kuwa na rayayyu ne da suka kama wuri tun kafin lokaci ya yi, sai ranar da suka mutu a wanke jan.

Ya kai yatsa kan wani jan suna don ya ba da misali, sai ya ga Kuramochi Sumie. Ya sake karantawa. Har ranar haihuwar ta matarsa ce.

Bakin nan da ba ya gajiya ya mutu murus. Ya sunkuya wa baƙin, ya ce yau a nan aka tsaya, ya bar su cirko-cirko.

Bai yi nisa ba wajen nemanta. Tana can tsohon sashe, gaban kabarin gidansu, inda kakansa da ubansa da uwarsa suke, kuma inda shi, babban ɗa, zai shiga. Ga bokiti, ga ludayi, tana goge dutsen kamar kowane mako. Ya gaya mata abin da ya gani, yana fatan ta ce masu sassaƙa ne suka yi kuskure. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce shekara biyu ke nan da ta kama wurin, ita da ƙawayenta uku.

"Ke, me na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba, Baban yara. Abin da ya sa ke nan." Ta matse tsumman. "Shekara talatin na yi wa mahaifiyarka hidima, ba ta taɓa cewa miyata ta yi daɗi ba, kai kuma kana zaune kana cin shinkafarka. Ta mutu, na yi goma sha ɗaya ina wanke mata dutse. Haba, har tokata ma sai an ajiye a gefenta?"

Ya ce mutane za su yi surutu. Ta ce ai matattu ba sa jin surutu. Daga nan muryarsa ta yi ƙasa, tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba a duk shekarun da ya yi cikin kaburbura.

"To ni fa?"

A nan ne ta dube shi.

"Akwai sauran wuri ɗaya kusa da nawa. Na roƙi ofis su riƙe shi zuwa ƙarshen wata. In za ka iya barin mahaifiyarka, ka zo."

Kuramochi ya dubi dutsen, ruwa na gangarowa ta kan sunan mahaifiyarsa. Sumie ta jira shi har turaren da ta kunna ya cinye. Sannan ta miƙa masa tsumman, ta ce bayan dutsen ya rage, ta ɗauki jakarta ta nufi tashar jirgi.