Abin da Mama Ta Jefa a Murhu

Kwana uku ke nan Radek yana ɗaure a gadon asibiti a birnin Lodz, jikinsa zafi rau, yana cewa bango yana numfashi. Yayarsa Danuta ta kira sunansa, ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Mun gwada jini da fitsari, ba mu ga komai ba," in ji likitar. "Irin waɗannan ƙwayoyin sababbi ne, na'urarmu ba ta san su ba. Ki kawo mana ragowar abin da ya sha. In ba haka ba, lalube kawai muke yi."

Danuta ta hau jirgin ƙasa na cikin gari ta koma gida. Ta tarar da uwarsu tana yanka kabeji.

"Mama, ina 'yar takardar ƙwayoyin da ke aljihun rigarsa? Mai hoton malam-buɗe-littafi?"

Uwar ba ta ɗago kai ba. "Na jefa a murhu tun ranar. So kike 'yan sanda su zo su same ta a gidana? Na ga abin da suka yi wa ubanku a kan 'yan takardu."

Danuta ta juya. Ta mayar da rigar sanyinta ta fita.

Shagon da Radek ke sayen ƙwayoyin yana bayan tashar jirgi, ƙofarsa a buɗe da rana tsaka. Mai shagon yana cin burodi da tsiran alade.

"Ƙanena ya sha wannan," ta ce, ta nuna hoton a cikin gilashi.

"Sha? Haba 'yar'uwa, karanta mana. An rubuta ba na sha ba ne, na ajiya ne. Ni kayan sha'awa nake sayarwa."

"Ba faɗa na zo yi ba. Irinsa nake so, likita za ta gwada."

Ya goge baki, ya sassauta murya. "Hoton dai shi ne, amma na ciki ya sauya. An ji gwamnati za ta sa wancan a jerin haramtattu, sai masu haɗawa suka cire ɗigo ɗaya a haɗin suka sa wani. Sabon suna, doka ba ta san shi ba. Na makon jiya ya ƙare."

Duk da haka ta saya, ta kai asibiti. Likitar ta juya takardar a hannu, ta ce za su gwada, amma ba wannan ne ke jikin Radek ba. Ta ƙara da cewa ko da ragowar nasa aka kawo, babu mai kama kowa, domin ba laifi ba ne.

Da yamma uwar ta zuba mata miya.

"'Yan sandan ba za su zo ba ko?"

Danuta ta dubi murhun, tokar tana nan ba a kwashe ba.

"Ba za su zo ba, Mama."

"To, Allah Ya rufa asiri," in ji uwar, ta tura mata burodi.