Rigakafin Yazidu

Abdulrauf ya ɗaga taɓarya sama. Ƙanwarsa Sa'adiyya ta rungume kwamfutarta a ƙirji, ta tsaya cak a tsakar gida.

"Aje ta ƙasa," ya ce. "In hwashe ta, zancen ya mutu."

"Yaya, sai dai ka haɗa da hannuna."

Sa'adiyya ce mai ɗaukar hoto a wurin sa lalle, inda namiji ba ya shiga. Daga cikin Dakoro har Korahane ita ake kira, domin a gabanta mata kan jefar da ɗankwali su taka rawa ba tare da ɗar-ɗar ba. To, ga shi yanzu hotunan da ta ɗauka na wata amarya mai suna Nuriyya, da ɗaurin ƙirji da ɗanyen lalle a ƙafa, suna yawo a salular maza tun daga tasha har kasuwar dabbobi. Mijinta ya mayar da ita gidan iyayenta. Gari kuwa ya yanke hukunci tun kafin a yi bincike, wai ita da kanta ta aika wa wani tsohon saurayi. Masu faɗin haka su ne dai masu tura wa juna hotunan, kowa na salati yana ƙara buɗe ido.

* * *

Abin ya faro ne ranar da kwamfutar ta yi nauyi, bayan wata ƙawa ta soka mata kile, ɗan abin nan na adana bayanai, don kwasar hotunan biki. Sa'adiyya ta kai wa Yazidu, mai zuba wa mutane waƙoƙi da fim a bakin kasuwa. Ya ɗan latsa, ya girgiza kai kamar likita.

"Wirus ne, hajiya. Antiwirus ɗin da ya zo da ita rago ne. Bari in kashe shi in sa miki na gaske."

Ita ɗiyar makiyayi ce, ta san rigakafi. A yi wa saniya allura, a sake ta cikin garke, hankali kwance. Haka ta ɗauki wannan ma. Har godiya ta yi masa, kuma wannan godiyar ce ke ci mata rai duk lokacin da ta tuna.

Da abin ya fashe, sai ta kai kwamfutar wurin Madam Hawa mai koyar da kwamfuta a lise, babbar makarantar sakandare. Matar ta daɗe tana dubawa kafin ta ɗago.

"Wa ya sa miki wanga?"

"Yazidu."

"Ba rigakahi ba ne, ɓarawo ne. Duk sa'ad da kika haɗa da intanet, sai ya kwashe hotuna ya aika mishi. Na gaskiyar shi ne wanda ya kashe. Rigakahi ba a ɗaukarsa a kilen kowa, daga wurin masu yinsa ake saukewa, a kuma riƙa sabunta shi. Amma kada ki goge komai tukuna. Shaidarki na ciki."

* * *

Shaidar nan ce Abdulrauf yake son ya daka. Ba mugu ba ne, tsoron bakin mutane ne ya yi masa yawa.

"Ni da uban Yazidu sahu ɗaya muke salla," ya ce, muryarsa ta sauko. "Ki bari a ruhwa asiri."

"Asirin wa? Na Nuriyya ya riga ya tonu. Nashi kaɗai ya rage, shi kuke so in ruhe?"

"Za a ce ke ce kika sayar da hotunan."

"Ana ma hwaɗi. Ni na kai mishi da ƙahwata, ni zan kai shi gaba."

Abdulrauf ya sauke hannu. A hankali ya jingine taɓaryar jikin turmi.

Ranar kasuwa ce. Sa'adiyya ta yi gammo ta ɗora kwamfutar a ka, yadda uwarta ke ɗora ƙwaryar nono, ta ratsa ta tsakanin raƙuma da dillalai. A rumfar Yazidu lasifika na ta amon waƙa, samari sun yi layi da salula a hannu. Ta miƙa hannu ta zare wayar lasifikar.

"Yazidu, hwaɗa musu inda ka samu hotunan Nuriyya."

Ya yi wata busasshiyar dariya. "Hajiya, ba ki da lahiya ne?"

"Lahiyata lau. Abin da ka sa mini na nan ciki, ban goge ba, ƙara kuma za ni kai yanzu." Ta juya ga samarin. "Ku kuma da kuke riƙe da hoton ɗiyar mutane, ku dube ta da kyau. Ƙanwar wani ce, kamar taku."

Wani ya zura salularsa a aljihu yana kallon ƙasa.

* * *

Sa'adiyya ta kai ƙara, hukuma ta tafi da Yazidu. Dattawa sun zo sun zauna a zauren Abdulrauf suna ba da baki, Sa'adiyya ta gaishe su da ladabi, ta ce ba za ta janye ba. Mijin Nuriyya ya ji gaskiya sarai, sai ya ce shi dai ba zai iya zama da matar da gari ya gani ba. An daina kiran Sa'adiyya biki. Rumfar kuwa wani ɗan uwan Yazidu ya buɗe ta, layi bai ragu ba.

Bayan hukuma ta gama bincike an dawo mata da kwamfutar, Madam Hawa ta wanke ta tas, ta kunna rigakafin gaskiya. Sai dai babu hoton da za a zuba a ciki.

Wata rana da hantsi aka yi sallama. Nuriyya ce, ta rame, lallen ƙafarta ya koɗe saura a farce. Sa'adiyya ta miƙe da niyyar neman gafara.

Nuriyya ta zauna a kan turmi. Ta kwance ɗankwalinta, ta ninke shi a cinya, ta ɗago kai.

"Yaya Sa'a, ɗauke ni hoto," ta ce. "Wancan ban shirya ba."

Sa'adiyya ta ɗauko kyamara. Daga can bakin kasuwa, iska na kawo amon lasifikar.