Jini Ɗaya

Da majo Kadidiya, ma'aikaciyar jinya a asibitin, ta ja fatar idon Munira ƙasa, Suwaiba ta ga cikinsa fari fat, sai gabanta ya faɗi. Kwana da kwanaki yarinyar na fama da masassara a gidansu na Dagmanet, yau kuwa ko kuka ba ta iyawa. Suwaiba ta ɗora tafi a ƙirjin 'yarta, ta ji zuciyar na bugu da sauri kamar ta ɗan tsako.

"Palu ne, zazzaɓin cizon sauro, ya cinye mata jajayen ƙwayoyin jini," in ji majo. "Su ke kai iska ko'ina cikin jiki. Da suka yi kaɗan, dole zuciya ta ƙara gudu. In ba a sa mata jini yau ba, za ta gaji."

Babu irin jinin yarinyar a ajiye a asibitin. Suwaiba kuma ciki gare ta, aka ce ba a ɗibar nata. Mijinta Bahago, mai kai wa masu haƙar zinariya kaya a Tchibarakaten, ya naɗe hannun riga tun kafin a tambaye shi. Mutum ne mai zafin kai, amma a kan Munira ko ransa aka nema zai bayar.

"A ɗiba son rai," in ji shi. "Ɗiyata ce, jinina ce."

Aka gwada. Majo ta dawo da sauri, marasa lafiya na kiranta ta ko'ina.

"Malam, naka ba ya yi. Kai A, ita O. Jininku ba ɗaya ba ne."

Ita a bakin aikinta ta faɗa, ta wuce gado na gaba. Amma Bahago bai taɓa sanin jini yana da harafi ba. A wurinsa, mutum ko jininka ne ko ba jininka ba. Ya sauke hannun rigarsa a hankali, ya dubi yarinyar, ya dubi matarsa, ya fice.

Tsoro ya kama Suwaiba. Ta san kanta, ba ta taɓa cin amanarsa ba, amma da wane baki za ta ce da majo ta zo ta gaya wa mijinta cewa 'yarsa tasa ce? Ta zauna riƙe da ƙafar Munira mai sanyi, tana duban ƙofa, ba ta san ko zai dawo ba.

Bayan azahar sai ga shi da maza reras: 'yan'uwansa, maƙwabta, har da mai shayin bakin kasuwa. Bai kalli inda Suwaiba take ba.

"A gwada su duka," ya ce da majo.

Ɗaya bayan ɗaya suka shiga suka fito. Wannan bai yi ba, wancan kuma bai da lafiya. Numfashin yarinyar sai ƙara sama yake, Suwaiba na ta salati a ranta, tana roƙon Allah ya kawo ko wane ne.

Na ƙarshe shi ne Marwan, ƙanin Bahago, wanda ke kwana a ɗakin zaure yana tsaron gidan duk lokacin da wansa ya yi watanni a daji. Shi ne mai tsokanarta da "matarmu" kullum, irin wasan ƙanin miji, kowa na dariya.

Can sai majo ta leƙo, fuskarta cike da murna.

"Alhamdulillahi, Madam, an samu! Wannan saurayin da ɗiyarki jininsu ɗaya ne sak!"

Marwan ya fito yana washe baki, auduga a gwiwar hannu. "Yaya, ka gani? Ni ne mai maganin!"

Bahago ya dubi ƙaninsa, ya dubi yarinyar, ya dubi matarsa. Aka rataye ledar, jinin ya fara gangarowa cikin jijiyar Munira. Suwaiba ta kafa wa ɗigon ido, don ba ta iya juyawa. Ta ji takun mijinta ya zo ya tsaya a bayanta.